Yadda za ka fara kallon tsuntsayen daji a fadamun Kebbi

Daga Augie zuwa Argungu, a gangaro Birnin Kebbi da Bunza har inda Gulbin Sakkwato ya faɗa Neja, fadama ce shimfiɗe. Mu dai shinkafa da kifi muke gani a cikinta. Amma duk shekara, da ruwa ya fara janyewa wajen watan Oktoba, sai baƙin tsuntsaye su sauka daga Turai da Rasha bayan sun ƙetare Sahara, su tarar da 'yan gida irin su dinya da zalɓe da kirinjijiya. Najeriya na da nau'in tsuntsaye fiye da 900, kuma wanda ke zaune a bakin wannan fadama zai ga kaso mai tsoka daga cikinsu ba tare da ya biya kuɗin mota ba.

Abu biyu ne ke raba mai nazarin tsuntsu da wanda tsuntsu ya gifta ta gabansa kawai: komawa wuri ɗaya a kai a kai, da rubuta abin da aka gani. Madubin hangen nesa da waya da manhaja duk a baya suke zuwa. A kan wannan aka gina matakan da ke tafe.

Mataki na 1: Zaɓi wuri ɗaya, na kusa

Sabon shiga yakan so ya fara da nesa, ya ce sai ya je Yauri ko dausayin Hadeja da Nguru. Bar wannan tukuna. Nemi wurin da ƙafa ko keke za su kai ka cikin rabin awa, domin wurin da za ka iya zuwa duk mako ya fi wanda za ka je sau ɗaya a shekara amfani.

Wuri mai kyau shi ne inda yanayi biyu ko uku suka haɗu: bakin tafki mai bado, gefensa gonar shinkafa, bayansa tudu mai itatuwan gawo ko giginya ko kuka. Kowane yanki da nasa tsuntsayen, kai kuma kana zaune a mahaɗa kana ganin na kowa. A Birnin Kebbi gangaren Dukku ya ishe ka. A Argungu akwai Matan Fada da tafkunan da ruwa ke bari idan ya janye. Mutumin Jega yana da Gulbin Zamfara, na Yauri kuma yana da bakin Neja inda ruwan madatsar Kainji, wadda aka kammala a 1968, ya yi faɗi ya bar tsibirai da yashi.

In babu ruwa kusa da kai, tsamiyar bayan gari ko wurin da ake shayar da shanu ma wuri ne.

Mataki na 2: Gaida masu wurin kafin ka ɗaga madubi

Wannan matakin ba ya cikin abin da ake koya wa masu kallon tsuntsu a ƙasashen waje, amma a nan shi ne kan gaba. A halin da ake ciki, mutumin da ba a sani ba ya laɓe bayan ciyawa da madubin hangen nesa yana rubuce-rubuce, ba tsuntsu zai fara zuwa zuciyar jama'a ba. Za a ce ɗan leƙen asiri ne, kuma ba za ka ga laifinsu ba.

Je wurin mai gari ko mai unguwa, ka tafi da wanda ya san ka. Ka faɗi abin da ya kawo ka ba kwana-kwana: "Ranka shi daɗe, ni ɗan makaranta ne, tsuntsayen fadamar nan nake son in riƙa zuwa ina kallo ina rubuta sunayensu." Miƙa madubin a duba, buɗe littafinka a gani. In wurin na masunta ne, Sarkin Ruwa ke da magana. In akwai 'yan banga, su ma su san da kai. Kada ka nuna madubi ko kyamara wajen shingen jami'an tsaro ko gada ko gidajen mutane, balle mashaya inda mata ke wanki.

Akwai kuma dazukan da yanzu ba a shiga, musamman ta ɓangaren Danko-Wasagu da Sakaba da wasu yankunan kan iyaka. Babu tsuntsun da ya kai ranka. In mutanen gari suka ce kada ka wuce wuri kaza, kada ka wuce.

Ribar wannan gaisuwa ta wuce tsaro. Dattijon da ya shekara arba'in yana jefa homa ya san watan da kowace agwagwa ke zuwa, da tafkin da take kwana. Nuna masa tsuntsu ka ce, "Baba, wanga mi sunanshi?" Rubuta abin da ya faɗa yadda ya faɗe shi, ko da ya saɓa wa sunan da ka sani. Sunan da ake kira a Argungu ba lalle ne shi ake kira a Kano ba, kuma Sarkawa da Zabarmawa da Fulani kowa da nasa.

Mataki na 3: Kayan aiki

Ƙaramin littafin rubutu mai shiga aljihu da fensir. Fensir ya fi biro domin ba ya zuba idan takarda ta jiƙe. Sai ruwan sha, da hula mai baki, da takalmi rufaffe saboda ƙaya da maciji. Tufafi su zama masu launin ƙasa ko toka ko kore mai duhu. Farar shadda mai sitaci a bar ta ga Juma'a: daga nesa tsuntsu ke hango ta, ga kuma ƙara in ka motsa.

Madubin hangen nesa in da hali. Za ka ga lamba a jikinsa, misali 8x42. Ta farko na nufin yana kusanto da abu ninki 8, ta biyu kuma faɗin gilashin gaba ne, milimita 42, wanda shi ke tara haske. Ga mai farawa 8x42 ya fi daɗi, domin yana nuna fili mai faɗi kuma rawar hannu ba ta dame shi. A fadama inda tsuntsu ke nesa 10x42 ma ya yi. Waɗanda ake tallatawa da manyan lambobi a farashi mai araha, a ce suna zuƙowa ninki hamsin, ka bar wa mai shagon kayansa. Kafin ka biya, duba wayar lantarki ko bakin rufi da shi. In ka ga layin ya rabu biyu, ko idonka ya fara ciwo bayan minti ɗaya, madubin ya goce.

Daidaita shi sau ɗaya tak. Lanƙwasa shi har da'ira biyu su zama ɗaya a idonka. Rufe gilashin dama da tafin hannu, ka juya majuyin tsakiya har rubutun wani allo ya fito tas a idon hagu. Sannan rufe na hagu, ka juya ƙaramar ƙawanyar da ke kan idon dama har shi ma ya fito. Daga nan majuyin tsakiya kaɗai za ka riƙa taɓawa.

Ga abin da ke ba sababbi wahala: tsuntsu na kan reshe, ka sunkuya ka ɗauko madubi, ka ɗago, ka rasa inda yake. Kafe idonka a kan tsuntsun, kada ka kau da kai, ka ɗago madubin ya tarar da idon. Gwada da kurciyoyin gidanku har hannu ya saba. Lokacin hunturu kuma kada ka goge gilashi da bakin riga, ƙurar na kankare shi. Hure ta tukuna, sannan ka shafa da ƙyalle mai laushi.

Mataki na 4: San lokacin fita

A rana, daga fitowa sallar asuba zuwa hantsi. A watan Disamba da Janairu rana ba ta fitowa a Kebbi sai wajen ƙarfe 7, don haka kana da sararin isa wurinka ka zauna kafin gari ya waye sosai. Sai kuma bayan la'asar zuwa magariba, lokacin da balbelu ke komawa makwanci jere-jere. Tsakar rana ƙananan tsuntsaye na laɓewa, amma lokacin ne shirwa da ungulu da gaggafa ke hawa iska mai zafi suna shawagi, don haka ɗaga kai sama.

Ka sa rana a bayanka. Da safe fuskanci yamma, da yamma fuskanci gabas. In ka saɓa, duk tsuntsun da ka kalla baƙi zai fito maka.

A shekara kuwa, kowane lokaci da nasa. Nuwamba zuwa Fabrairu shi ne kakar mai kallo: baƙi sun iso, ruwa ya ragu ya tara tsuntsaye a tafkuna kaɗan, ciyawa ta kwanta. Illarsa hazo, wanda wata rana zai hana ka ganin ƙetaren gulbi. Maris da Afrilu baƙi na shirin komawa, mazansu sun fara sa kayan aure, lokacin ne suka fi sauƙin ganewa. Da bazara ta yi nisa sai shamuwa ta iso ta yi sheƙa a itatuwan cikin gari, manomi ya fara gyara gona; idan damina ta ƙare sai ta nufi kudancin Afirka. Ita baƙuwa ce ta cikin nahiya, ba ta ƙetare teku. Damina kuma lokacin marai ne da saƙarsa, da zalaidu mai jan doguwar wutsiya, wanda da rani za ka wuce shi ba ka gane shi ba domin ya zubar da ita ya koma launin ƙasa.

Mataki na 5: Zauna

Maharban ƙasar Hausa sun daɗe da sanin wannan. Mai ɗaura kan burtu a goshi yana rarrafe yana sunkuyar da kai bai fi dabbar gudu ba. Ya dai san cewa abin da ke tafiya a hankali, ƙasa-ƙasa, ba ya tsorata kowa. Kai ba sai ka yi rarrafe ba, amma ɗauki darasin.

Kada ka tsaya a kan tudu ko kunyar gona inda sararin sama ke bayanka. Jingina da itace ko ka zauna gaban kurmi, jikinka ya saje. Kada ka nufi tsuntsu kai tsaye, bi ta gefe, ka yi taku kaɗan ka tsaya. In ya daina kiwo ya miƙe wuya, ka kai iyakarsa. Tsaya cak har ya koma cin abincinsa. In ya tashi, ka matsa da yawa, gobe ka rage.

Mai tona maka asiri a fadama shi ne zakaran ƙeƙuwa, mai baƙar hula da farin kumatu. Da ya hango ka zai tashi yana zagaye kanka yana ƙara, kowa ya shiga taitayinsa. Ba yadda za ka yi da shi sai haƙuri. Zauna shiru, bayan minti goma zuwa sha biyar zai gaji, fadama ta koma harkarta, tsuntsayen da ba ka san suna nan ba su fara fitowa daga cikin ciyawa. Mafi yawan abin da za ka gani mai daɗi bayan wannan jiran yake zuwa, kuma daidai nan ne masu gaggawa ke tashi su tafi.

In ku biyu ne, ban da nuni da hannu a miƙe. Faɗa a hankali: gawon tsakiya, reshen dama, ƙasa da inda ya rabu.

Mataki na 6: Gane wanda kake kallo

Nan ne aikin yake. Kuskuren da aka fi yi shi ne farawa da launi. Launi na yaudara: haske na sauya shi, mace da namiji sukan bambanta, ƙarami bai kama da babba ba, na damina ba na rani ba ne. Bi wannan tsari, launi ya zo ƙarshe.

Fara da girma, ka auna da waɗanda ka riga ka sani. Ma'auni huɗu sun isa: kanari, kurciya, hankaka, zalɓe. "Ya fi kurciya, bai kai hankaka ba" ya riga ya zubar da ɗaruruwan nau'i. Sai baki, domin baki ke faɗin sana'a: gajere mai kauri na mai fasa tsaba ne, siriri na mai cin ƙwari, dogo mai tsini na mai sukar kifi, lanƙwasasshe mai ƙugiya na mai yagar nama. Sai ƙafa, tsawonta da launinta. Sai wutsiya. Sai abin da yake yi, da inda yake yin sa.

Ɗauki fararen tsuntsayen fadama, waɗanda kowa ke tarawa ya ce balbela. Balbela ta ainihi gajeriya ce mai kaurin wuya, bakinta rawaya, tana bin shanu ko mai huɗa a busasshiyar ƙasa, kuma lokacin aure da yin ƙwai kanta da ƙirjinta kan yi ja-ja. Amma ga wata can cikin ruwa, siririya, baki baƙi, ƙafa baƙa. Jira ta ɗaga ƙafa: yatsunta rawaya ne. Kalle ta da kyau za ka ga tana karkaɗa ƙafa ɗaya cikin laka don ta tayar da ƙananan kifi, sannan ta kai sara. Wannan nau'i daban ne. Akwai kuma ta uku, babba, tsawonta ya kusa na zalɓe, wuyanta dogo mai lanƙwasa. Farare uku ke nan a tafki ɗaya, kuma da ka raba su sau ɗaya ba za su sake rikita ka ba.

Zalɓe ma biyu ne aka fi gani. Ɗaya farin wuya da baki rawaya, yana tsaye cikin ruwa. Ɗayan kansa da bayan wuyansa baƙi ne, kuma ya fi son gona da ciyawa inda yake kama ɓera da fara. In suka tashi duba ƙarƙashin fiffike: na farko toka ne bai ɗaya, na biyu fari da baƙi ne a rabe.

A sama kuwa wuya ke raba gardama. Zalɓe da balbela na naɗe wuya idan suna tashi. Shamuwa da gauraka na miƙe shi. Shirwa kuma wutsiyarta mai baki biyu ce, tana murza ta tana juya jiki. Ko daga nesa ba ta ɓuya.

Agwagin daji, waɗanda ake gasar kamawa a wasannin kabanci na bikin Argungu, su ma ba ɗaya ba ne. Kirinjijiya farar fuska ce da dogon wuya, tana tsayawa a miƙe, kuma tun kafin ka gan ta za ka ji fito mai gaɓa uku da garken ke yi. Dinya ita ce babbarsu, baƙa da fari, baki ja, da ƙaho a gwiwar fiffike. A cikinsu da hunturu za ka ga wata ƙarama mai launin ƙasa, wadda namijinta ke fitar da farin layi daga ido zuwa ƙeya wajen Fabrairu. Baƙuwa ce daga Turai da Rasha, a littafi da manhaja sunanta Garganey. Haka wani mai matsakaicin baki da doguwar ƙafa da ke sauka garke-garke a gonakin shinkafa yana tsintar abin da ya zube bayan girbi, mazan sun fi matan girma a fili. Shi ne Ruff. Da ɗan ƙaramin nan mai rawayan ciki da ke yawo tsakanin ƙafafun shanu yana kaɗa wutsiya sama da ƙasa. Nauyinsa bai kai giram 20 ba, amma Sahara ya ƙetaro.

Kada ka tsaya ga suna. Kalli wanda ke tafiya a kan ganyen bado, ja-ja da farin wuya da shuɗin goshi. Yatsunsa dogaye ne ƙwarai, su ke raba nauyinsa ganyen bai nutse ba. A wannan nau'in mace ce ke auren maza da yawa, ta yi ƙwai ta bar wa namiji kwanci da reno, kuma in haɗari ya zo yakan kwashe 'ya'yan a ƙarƙashin fiffike ya gudu da su, ƙafafunsu na reto. Ko cilakowa, wadda macen ke shiga kogon itace a liƙe ƙofar sai 'yar tsaga, namiji na kawo mata abinci har ta ƙyanƙyashe. In ka ga cilakowa na kai da kawowa wurin itace ɗaya da fara a baki, ja baya ka zauna, za ka ga bakin matar ya leƙo.

Kunne ma ido ne a wannan aiki. Ragon maza ba kasafai yake fitowa daga kurmi ba, amma kukansa mai gangarowa, kamar ana tsiyaye ruwa daga gora, ba ya ɓata. Koyi kuka biyu ko uku a mako, ka bi sautin har ka ga mai shi. Ɗauki muryar da waya, ka faɗi wuri da kwanan wata a ƙarshen ɗaukar.

Wanda ka kasa ganewa, zana shi ko da zanen bai yi kyau ba, ka ja kibiya ka rubuta: baki ja, farin layi a fiffike, ƙafa rawaya. Yi haka kafin ka buɗe littafin hotunan tsuntsaye ko manhajar Merlin mai taimakawa wajen gane tsuntsu, domin da ka ga hoto zuciya za ta fara ƙara wa tsuntsun abin da ba shi da shi. Manhaja na taimakawa, amma tana kuskure, musamman a kukan tsuntsayen yankinmu. Kana iya ɗora kyamarar waya a idon madubi ka ɗauki hoto. Ba zai yi kyau ba amma ya isa shaida. In duk ya faskara, rubuta "ban gane ba". Ya fi sunan ƙarya daraja nesa ba kusa ba.

Mataki na 7: Rubuta, ka ƙirga

Kowace fita shafi sabo. A sama: kwanan wata, wuri, lokacin farawa da na tashi, yanayin gari (hazo, iska, hadari), da inda ruwa ya tsaya. Wannan na ƙarshe mutane na mantawa da shi, alhali shi ke bayyana yawancin abin da za ka gani. Sa alama da wani kututture ko dutse, ka riƙa rubuta ko ruwa ya kai shi ko ya bar shi. Ƙasa kuma jerin tsuntsaye bi da bi yadda ka gan su, da adadi, da abin da suke yi.

Rubuta har da na banza a idonka, kurciya da hankaka da hasbiya. Dalili shi ne ungulu. Shekarun baya ba wanda zai ɓata fensir a kanta, tana cike da mahauta da kasuwanni. Yau sai ka yi wata ba ka ga ɗaya ba, saboda guba da farautarta don sayar da sassanta ga masu magani, kuma tun 2015 tana cikin jerin tsuntsayen da ke dab da ƙarewa a duniya. Gauraka ma da tana yawo a fadamun Arewa, yanzu ta fi yawa a gidajen masu kuɗi fiye da daji. Da an sami masu rubutawa a garuruwanmu tun lokacin da suke da yawa, da an san shekarar da abin ya fara. Don haka cikakken jeri, wanda ke nuna abin da ka gani da abin da ba ka gani ba, ya fi labarin tsuntsu ɗaya mai ban mamaki amfani.

Ƙirga garke kuwa dabara ce. Ƙirga goma ɗaya bayan ɗaya, ka riƙe girman wurin da suka cika a idonka, sannan ka riƙa aza wannan ma'auni a kan sauran: goma, ashirin, talatin. In garken babba ne, ma'aunin ya zama hamsin ko ɗari. Yi sau biyu ka ɗauki tsakiya, ka rubuta "kimanin". Ido yakan rage babban garke, don haka ɗauki hoto wani lokaci ka ƙirga a gida ka gwada kanka. Jan baki kam, ɗan tsuntsun nan mai zuwa dubbai yana cinye shinkafa, ba a ƙirga shi haka. Rubuta minti nawa garken ya ɗauka yana wucewa, da inda ya nufa da magariba. Wannan bayanin manoman shinkafa da ma'aikatan gona na buƙatarsa, domin a makwanci ake tarar jan baki. In kuma an yi feshi a yankinku, koma bayan kwana biyu ka rubuta abin da ka tarar, domin maganin ba ya tambayar sunan tsuntsu.

Mataki na 8: Kiyaye su, kiyaye kanka

Sheƙa daga nesa ake kallonta. In uwa ta tashi saboda kai, rana na iya kashe ƙwan cikin ɗan lokaci, hankaka kuma na kallon inda ka tsaya. Kada ka nuna wa yara masu danƙo inda sheƙa take. Gara ka ba su madubi su leƙa, sau da yawa su ne ke zama masu nemo maka tsuntsu. Kada ka riƙa kunna kukan tsuntsu a waya don ya fito, yana barin abin da yake yi ya zo faɗa da abokin gabar da babu shi. Kada ka taka shukar mutane, bi kunya.

Ruwan tafki da ke kwance na ɗauke da tsargiya, kada ka shiga ba takalmin roba. Mataccen tsuntsu, balle in sun mutu da yawa wuri ɗaya, kada ka taɓa. Murar tsuntsaye ta shigo Najeriya tun 2006 kuma tana dawowa, sai ka sanar da likitan dabbobi. In za ka shiga kwalekwale a Yauri, sa rigar ruwa, ka bi maganar mai tuƙi game da inda dorina take.

Mataki na 9: Kai bayanin inda zai yi aiki

Littafin da ya tsaya a aljihunka kai kaɗai ya amfana. Cibiyar binciken tsuntsaye ta A.P. Leventis da ke Jos tana jagorantar aikin taswirar tsuntsayen Najeriya tun 2015, kuma da 'yan sa-kai ake yin sa. An yanka taswirar ƙasa gida-gida, kowane gida kusan kilomita 9 tsawo da 9 faɗi. Ƙa'idar ita ce ka yi aƙalla awa 2 kana nema a cikin gida ɗaya, ka leƙa kowane irin yanayi da ke cikinsa, ka jera tsuntsaye yadda suka zo maka, kana iya ci gaba da ƙarawa har kwana 5, sannan ka tura. Manhajar BirdLasser ake amfani da ita, tana nuna maka iyakar gidan da kake ciki. Akwai kuma eBird, ta jami'ar Cornell a Amurka, wadda ke karɓar jeri daga ko'ina a duniya. Duk watan Janairu ana ƙidayar tsuntsayen ruwa ta duniya, wadda aka fara tun 1967. Ko ba ka cikin tawaga, yi taka ƙidayar a tafkinka tsakiyar watan, ka maimaita baɗi a rana irin ta.

In ka tura sunan tsuntsun da ba a saba gani a yankin ba, masu tantancewa za su tambaye ka hujja. Kada ka ji haushi. Nan zanenka da hoton nan mara kyau za su yi rana.

Ka kuma riƙa tambayar masunta ko sun taɓa samun tsuntsu da zoben ƙarfe a ƙafa, domin wasu na ajiye irin waɗannan zobba shekara da shekaru. Masu bincike ne ke sa su, kuma kowanne na ɗauke da lamba da sunan gari ko cibiyar da ta sa shi. Ba sai ka karɓe zoben ba. Kwafi duk abin da ke jikinsa harafi da harafi, ɗauki hotonsa ta kowane gefe, tambayi wuri da lokacin da aka same shi da yadda aka kama tsuntsun, ka aika wa cibiyar Jos ko wadda sunanta ke jiki. Sukan maido da amsa da ranar da aka sa zoben da ƙasar da aka sa shi. In amsar ta zo, koma ka karanta wa mai zoben.